Yaƙin 1992 da Bai Auku Ba: Masu Kallon Star Trek da Rassan Tarihi

A daren 16 ga Fabrairu, 1967, gidan talabijin na NBC da ke Amurka ya nuna wani kashi na wasan kwaikwayon nan na sararin samaniya mai suna Star Trek. A cikin wannan kashi, kumbon Enterprise, wanda ke yawo tsakanin taurari a ƙarni na 23, ya ci karo da wani tsohon kumbo yana shawagi ba matuƙi, cike da mutanen da aka sa su barci tun shekaru aru-aru. Shugabansu shi ne Khan Noonien Singh, ɗaya daga cikin mutanen da masana kimiyya suka samar ta hanyar zaɓen iri, har suka fi sauran 'yan Adam ƙarfi da kaifin basira. Labarin ya ce daga 1992 zuwa 1996 Khan ya mallaki fiye da rubu'in duniya, tun daga Asiya har Gabas ta Tsakiya, kuma sai da aka gwabza mummunan yaƙi kafin aka kawar da shi da ire-irensa, ya tsere cikin wancan kumbo a 1996.

Marubutan sun zaɓi shekarar 1992 ne domin a ganinsu tana can nesa. Shekara 25 ba kwana 25 ba ce, kuma babu wanda ya zaci za a ci gaba da tunawa da shirin zuwa lokacin. Amma a kwana a tashi 1992 ta zo ta wuce, shirin yana nan da ransa, ba Khan ba dalilinsa. Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne, a Nuwamba 1996, wani sabon jerin shirin mai suna Voyager ya mayar da ma'aikatan kumbonsa baya zuwa birnin Los Angeles na shekarar 1996 ɗin kanta. Sun tarar da gari lafiya lau, motoci na kai da kawo, jama'a na shan iska a bakin teku. Babu alamar an taɓa yin yaƙin da ya girgiza duniya. Abin da kawai masu idon sa ido suka hango shi ne wani ɗan samfurin kumbo irin na Khan a ofishin wata mai nazarin taurari.

To, ina yaƙin ya shiga? Wannan tambaya, da wasu masu kama da ita, su suka haifar da tarin ra'ayoyi a tsakanin ma'abota shirin game da abin da suke kira rassan tarihi, wato tunanin cewa tarihi yana iya rabuwa kamar reshen bishiya, abu ya auku a wannan reshe bai auku a wancan ba. Mai karatu zai iya cewa wannan ai musun 'yan kallo ne, mene ne haɗinsa da ajin kimiyya? Haɗin shi ne, yadda waɗannan mutane ke gina ra'i, su kare shi, ko su ga ya rushe, ya yi kama ƙwarai da aikin masanin kimiyya, kuma kurakuransu ma iri ɗaya ne.

Wasan da ya girmi talabijin

Gene Roddenberry ne ya ƙago Star Trek, aka fara nuna shi ranar 8 ga Satumba, 1966, aka dakatar da shi a 1969 bayan kashi 79. Ma'abotansa ba su bari ya mutu ba. Tun 1967 suka fara buga ƙananan mujallu da hannunsu suna aika wa juna ta gidan waya, a Janairu 1972 kuma suka yi babban taro a New York wanda mutum wajen 3,000 suka halarta. Daga baya aka yi finafinai da sababbin jerin shirye-shirye, marubuta ɗaruruwa suka sa hannu a cikin shekaru fiye da 50. Inda hannu ya yi yawa haka, dole maganar wani ta ci karo da ta wani.

Dabarar da 'yan kallo ke bi idan sun gamu da irin wannan karo ta girmi talabijin. A 1911 wani malamin Ingila, Ronald Knox, ya gabatar da maƙala a Oxford inda ya ɗauki labaran ɗan binciken nan Sherlock Holmes kamar tarihi ne na gaske, ya shiga ƙwanƙwance saɓanin da ke cikinsu. Misalin da ya fi shahara a wannan wasa shi ne raunin Dakta Watson, abokin Holmes: a littafi na farko harsashi ya same shi a kafaɗa, a na biyu kuma ƙafarsa ce ke ciwo. Amsa iri biyu ce. Ta waje ita ce marubucin, Arthur Conan Doyle, ya manta. Ta ciki kuwa sai an nemo dalili daga cikin labarin, alal misali a ce sau biyu aka harbe shi. Ƙa'idar wasan ita ce ba a yarda da amsar waje sai an rasa ta ciki, kamar dai yadda masanin kimiyya ba ya cewa halitta ta yi kuskure idan awonsa ya saɓa wa lissafinsa.

Lokaci iri nawa ne a cikin shirin?

Wahalar ma'abota Star Trek ita ce shirin bai tsaya a kan doka ɗaya ba game da lokaci. A wani kashi na Afrilu 1967 mai suna "The City on the Edge of Forever", wanda Harlan Ellison ya rubuta, likitan kumbon, McCoy, ya faɗa cikin wata ƙofa da ta kai shi New York ta 1930, ya ceci wata mata mai suna Edith Keeler daga haɗarin mota. Nan take kumbon Enterprise ya ɓace, Tarayyar Duniyoyi ta zama kamar ba a taɓa kafa ta ba. Ashe matar ce za ta jagoranci ƙungiyar ƙin yaƙi da za ta jinkirta shigar Amurka Yaƙin Duniya na Biyu, har Jamus ta riga kowa ƙera bam na nukiliya ta ci duniya. Kyaftin Kirk, wanda ya bi sawun likitan ya kuma kamu da son matar, dole ya tsaya yana gani mota ta take ta. A nan tarihi ɗaya ne tak, kamar allon makaranta: a wanke, a sake rubutu.

Wata shida bayan haka aka nuna "Mirror, Mirror", inda guguwar lantarki ta lalata na'urar aika mutane, ta jefa Kirk da abokansa uku cikin wata duniya mai kama da tasu. Kumbon dai shi ne, mutanen ma su ne, sai dai a maimakon Tarayya akwai azzalumar Daula, hafsa yana samun ƙarin girma ne ta hanyar kashe na gaba da shi, Spock kuma ya ajiye gemu. A nan tarihi biyu ne suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, babu wanda ya shafe wani.

Sai kuma Nuwamba 1993, a jerin The Next Generation, a wani kashi mai suna "Parallels", inda hafsa Worf ya dawo daga wata gasa ya riƙa zamewa daga wannan duniya zuwa waccan. Nan ya ci gasar, can ya zo na tara. Can kuma ya tarar ya yi aure har da 'ya'ya. Da shingen da ke tsakanin duniyoyin ya tsage, sai kumbuna masu suna Enterprise suka cika sarari, har aka ce saƙonni 285,000 ne ke shigowa a lokaci guda. Dokar wannan kashi ita ce duk abin da zai iya aukuwa ya auku a wani reshe.

Doka uku ke nan a shiri ɗaya, kuma kowane ra'i na 'yan kallo yunƙuri ne na sulhunta su.

Ra'in da ya yarda a gwada shi

Ɗaya daga cikin ra'ayoyin da suka fi daɗewa yana cewa duniyar Spock mai gemu ita ce wadda Edith Keeler ta rayu a cikinta. Jamus ta ci yaƙi, zalunci ya zama al'ada, Daula ta tsiro daga nan. Ra'in yana da ban sha'awa, domin ya ɗaure kashi biyu da igiya ɗaya ba tare da ya ƙaro wani sabon abu ba. Ƙarfinsa na gaske kuwa shi ne ya yi alkawarin da za a iya bincikawa: idan gaskiya ne, to duk abin da ya auku kafin 1930 dole ya zama iri ɗaya a duniyoyin biyu.

An yi shekaru ba a sami abin gwada wannan alkawari ba. A Afrilu 2005 sai jerin Enterprise ya nuna labari mai kashi biyu da aka gina kacokan a cikin duniyar Daula. A ciki, likitan wancan gefe ya sami kundin littattafan duniyar Tarayya, ya kwatanta tsofaffin littattafan adabi da nasu, ya ce labaran sun yi kama amma halayen mutanen ciki sun sha bamban, in ban da na Shakespeare da ya tarar duk ɗaya ne. Idan har littattafan da aka rubuta tun ƙarnoni kafin a haifi Keeler sun bambanta, to rabuwar ta girmi 1930. Ra'in ya faɗi, kuma faɗuwar mutunci ce, domin ya fito fili ya ce ga abin da zai kayar da shi.

Akwai kuma wata matsala da ɗalibin ilmin halittu zai gani tun kafin 2005. Yaya za a yi tarihi ya rabu shekaru ɗaruruwa, yaƙe-yaƙe su bambanta, aure ya bambanta, amma a haifi Kirk ɗin nan, da McCoy ɗin nan, su haɗu a kumbo ɗaya? Kowane mutum yana da kuromosom 46, biyu-biyu har gida 23, kuma yana ba ɗansa ɗaya daga kowane gida. Yawan haɗin da uba ɗaya zai iya bayarwa shi ne 2 a ninka ta da kanta sau 23, wato 8,388,608. Uwa ma haka. Idan aka haɗa su, ma'aurata ɗaya suna iya haifar 'ya'ya iri daban-daban fiye da tiriliyan 70, kuma wannan lissafi bai ma sa musayar da kuromosom ke yi a tsakaninsu ba. Jinkirin dare ɗaya ya isa a haifi wani mutum daban.

Masanin yanayi Edward Lorenz ya ga irin wannan a 1961. Yana lissafin yanayi da na'ura mai ƙwaƙwalwa, sai ya so ya maimaita wani sashe, ya shigar da 0.506 a maimakon 0.506127. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba, amma bayan na'urar ta lissafa yanayin 'yan watanni, sakamakon biyu ba su ko kama hanyar juna ba. Duniyar madubi ta Star Trek ta saɓa wa wannan gaba ɗaya. Dalilinta na waje sananne ne: 'yan wasan da ake biya albashi su ne za su fito. Ma'abota shirin da ke neman dalilin ciki sukan ce, tunda rassa ba su da iyaka, dole a sami ɗaya da ya dace haka, kuma kamannin ne ya sa ƙetarawa zuwa cikinsa ta fi sauƙi. Amsa ce mai wayo, sai dai babu wani kashi da za a nuna da zai iya ƙaryata ta.

Ra'in da ke haɗiye kowace hujja

Fim ɗin First Contact na 1996 ya ba da labarin yadda wasu abokan gaba, Borg, waɗanda rabinsu nama ne rabi ƙarfe, suka koma shekarar 2063 domin su hana Zefram Cochrane tashin kumbon farko mai gudun da ya wuce na haske. Kyaftin Picard ya bi su ya wargaza shirinsu, ya koma gida. Sai dai a garin haka mutanensa sun faɗa wa Cochrane abubuwa da yawa na gaba, har ya hango kumbonsu ta madubin hangen nesa.

Da aka fara jerin Enterprise a 2001, wanda labarinsa ya soma a 2151, wato fiye da shekara 100 kafin Kirk, sai 'yan kallo suka ga abubuwan da ba su zauna ba. Ga wani kumbo mai suna Enterprise na Kyaftin Archer da ba a taɓa ambata ba, ba ya ma cikin hotunan kumbuna masu wannan suna da aka jera a bango a fim ɗin 1979. Na'urorinsa kuma sun fi na Kirk kyan gani. Nan aka haifi ra'in cewa ziyarar Picard ta tsaga tarihi, duk abin da ake gani a wannan jeri yana wani sabon reshe ne. A Mayu 2003 ra'in ya sami abin da ya yi kama da goyon baya: aka nuna masu bincike sun tono gawarwakin Borg daga cikin ƙanƙarar Arewacin duniya a 2153, ragowar waɗanda Picard ya harbo. Amma ƙarshen kashin ya juya maganar. Borg ɗin sun farfaɗo sun aika saƙo gida, aka ƙiyasta zai yi shekara 200 kafin ya isa, wato daidai zamanin da Picard zai fara gamuwa da su. Ke nan ziyarar ba ta canja tarihi ba, ita ce ma ta haifar da shi. Wannan doka ta huɗu ce, tarihi mai kama da zobe.

Kashin ƙarshe na jerin, a Mayu 2005, ya ƙara dukan ra'in. An nuna Riker, mataimakin Picard, yana kallon tarihin Archer a ɗakin kwaikwayo na kumbonsu, a tsakiyar wani al'amari da 'yan kallo suka riga suka gani tun 1994. Archer da Picard tarihinsu ɗaya ke nan. Masu ra'in ba su sallama ba. Suka ce ai wannan Riker ɗin na sabon reshen ne, wanda ya yi kama da tsohon.

A nan ne malamin kimiyya ya kamata ya tsayar da aji. Idan an ga saɓani, masu ra'in su ce shaidar sabon reshe ce. Idan an ga daidaito, su ce rassan ne suka yi kama. Masanin falsafa Karl Popper ya yi bayani a 1934 cewa abin da ke sa ra'i ya zama na kimiyya shi ne ya haramta wani abu, ya ce idan an ga kaza to na faɗi. Ra'in da ya dace da duk abin da zai iya faruwa bai faɗa wa kowa komai ba, ko da kuwa ya fi daɗin ji.

Tarihin ilmin taurari yana da misali mai kyau, kuma abin dariya har da suna ya haɗa su da shirin. Masana sun lura duniyar Yuranus ba ta bin hanyar da dokokin Newton suka zana mata. Bafaranshe Urbain Le Verrier ya ce akwai wata duniya da ba a gani ba tana jan ta, ya lissafa inda take, ya aika wa Johann Galle a Berlin. A daren 23 ga Satumba, 1846, Galle ya ga Neftun, tazarar da ba ta wuce digiri 1 ba daga inda aka ce. A 1859 Le Verrier ya sake gwada dabarar a kan duniyar Makuri, wadda ita ma ke ɗan kaucewa, ya ce akwai wata duniya kusa da rana, aka raɗa mata suna Vulcan, sunan da Star Trek ya ba mahaifar Spock daga baya. An yi shekaru ana dubawa a lokutan husufin rana ba a gan ta ba, domin babu ita. A 1915 Albert Einstein ya nuna dokar Newton ce ke bukatar gyara. Mutum ɗaya ne, dabara ɗaya, sau ɗaya ya dace sau ɗaya ya kuskure, kuma a duka biyun ya faɗi wurin da za a duba.

Me kimiyyar fiziks ta ce?

Tafiya gaba cikin lokaci tabbatacciya ce. Ra'in Einstein ya nuna agogon da ke gudu, ko wanda ke kusa da abu mai nauyi, yana tafiya a hankali. A Oktoba 1971 Joseph Hafele da Richard Keating suka ɗora agogunan zarra 4 a jiragen fasinja suka kewaya duniya. Da suka yi gabas, agogunan sun yi baya da kimanin kashi 59 cikin biliyan na daƙiƙa. Da suka yi yamma, sun yi gaba da kashi 273. Agogunan taurarin ɗan Adam na GPS suna wuce na ƙasa da kimanin kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana, kuma sai an gyara wannan kafin su nuna wa matafiyi inda yake.

Komawa baya ita ce mai wuya. Lissafin Einstein bai hana ta kai tsaye ba. A 1949 Kurt Gödel ya nuna cewa a sararin da ke juyawa gaba ɗayansa akwai hanyoyin da ke komar da matafiyi jiya. A 1988 Kip Thorne da ɗalibansa biyu suka nuna cewa idan akwai gajeriyar hanya tsakanin wurare biyu masu nisa, kamar ramin da tsutsa ke hudawa ta cikin gwaiba, ana iya mayar da ita na'urar komawa baya. Ba a taɓa ganin irin wannan rami ba. Amma lissafin ya tayar da tsohuwar tambaya: idan mutum ya koma ya hana kakansa aure, wa ya koma? Masana suka sauƙaƙa ta da ƙwallon sinuka da zai shiga ramin ya fito a baya ya bugi kansa ya hana kansa shiga. A 1991 Thorne da abokan aikinsa suka gano cewa a misalan da suka lissafa akwai mafita: ƙwallon yana fitowa a ɗan karkace, ya gogi kansa gogar da za ta sa ya shiga a karkace ɗin. Wannan ya yi daidai da ƙa'idar masanin Rasha Igor Novikov, cewa abin da ke iya faruwa shi ne kawai wanda bai saɓa wa kansa ba. Zoben Borg ke nan. Stephen Hawking, wanda ya fito da kansa a Star Trek a 1993 yana karta da Newton da Einstein, ya ba da ra'i a 1992 cewa dokokin halitta za su lalata duk irin wannan na'ura kafin ta yi aiki. Ranar 28 ga Yuni, 2009, ya shirya wa matafiya daga gaba liyafa a Cambridge, bai fitar da katin gayyata ba sai bayan an tashi. Ba wanda ya zo.

Maganar rassa kuwa daga ilmin kwantam ta fito, wato ilmin abubuwa ƙanana irin su zarra da ilektoron. Idan aka harba ilektoron ɗaya-ɗaya ta cikin tsaga biyu, kamar yadda Akira Tonomura da abokansa suka yi a Japan a 1989, sai su taru a allo cikin layi-layi, tamkar kowanne ya bi ta tsagogin biyu a lokaci guda. Da zarar an sa abin da zai duba ta ina ya bi, sai layukan su ɓace. Bayanin da Niels Bohr da mabiyansa suka yi shi ne, awo ne ke tilasta wa abin ya tsaya a kan hali ɗaya. A 1957 wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Princeton, Hugh Everett, ya ce babu wani tsayawa: duk sakamakon biyu suna aukuwa, mai awon ne da kansa ke rabuwa, kowane ɗaya ya ga nasa. Ya je Copenhagen a 1959 ya gana da Bohr bai yi nasara ba, lokacin kuwa ya riga ya bar jami'a yana yi wa ma'aikatar tsaron Amurka lissafi. Sai a 1970 Bryce DeWitt ya farfaɗo da ra'in, ya yaɗa shi da sunan duniyoyi masu yawa.

Daga nan "Parallels" ya ari tunaninsa, haka ma fim ɗin 2009 na J.J. Abrams, inda wani Nero ya fito daga 2387 zuwa 2233 ya ragargaza kumbon Kelvin, aka sami sabon reshe, tsohon kuma ya ci gaba da tafiya har aka ɗora jerin Picard a kansa a 2020. Sai dai aron bai cika ba. A ra'in Everett, rabuwar ba ta jiran mutum ya yanke shawara. Tana faruwa ne a duk lokacin da ƙaramin abu ya cuɗanya da abin da ke kewaye da shi. Kuma rassan da suka rabu ba sa sake jin ɗuriyar juna. Babu saƙo, babu ziyara, balle a ga Spock mai gemu. Saboda haka ne wasu masana ke yi wa ra'in irin zargin da aka yi wa masu ra'in First Contact, cewa ba shi da abin da zai ƙaryata shi. Magoya bayansa sukan amsa cewa shi ne ma ya fi sauƙi, domin bai ƙara komai a kan lissafin kwantam ba. David Deutsch na Oxford ya zayyana wani gwaji a 1985 da zai iya raba gardamar, amma yana bukatar na'ura mai tunani wadda za a iya mayar da tunaninta baya ƙwaya-ƙwaya, kuma ba a ƙera ta ba tukuna.

Komawa ga Khan

Game da yaƙin 1992, ma'abota shirin sun rabu. Wasu suka ce duniyar Star Trek tun asali ba tamu ba ce, reshe ne da ya balle a tsakiyar ƙarni na 20, sai dai wannan bai warware zancen Los Angeles ba. Wasu suka ce yaƙin a Asiya aka yi shi, bai taɓa Amurka ba. Marubuci Greg Cox ya bi wata hanya a littattafai biyu da ya fitar a 2001 da 2002, inda ya mayar da shi yaƙin ɓoye, ya saƙa shi cikin rikice-rikicen da suka auku da gaske, irin su yaƙin Yugoslaviya. Wasu kuma suka riƙe wata magana da wani babban hafsa ya yi a jerin Deep Space Nine a 1997, cewa shekara 200 ke nan da yaƙin, abin da zai kai shi ƙarni na 22. An gina bayanai a kan wannan adadi, sai marubucin kashin, Ronald D. Moore, ya fito ya ce kuskurensa ne, ya ari adadin daga wani tsohon fim ya manta cewa labarinsa ya yi gaba da shekara wajen 100. Wannan ne babban bambancin ɗan kallo da masanin kimiyya: halitta ba ta fitowa ta ce alƙalaminta ne ya zame.

A ƙarshen Yuni 2023, jerin Strange New Worlds ya ba da tasa amsar. Wata hafsa, wadda jikanyar zuriyar Khan ce, ta koma birnin Toronto na farkon shekarun 2020 ta tarar da Khan yaro ne ƙarami a tsare a wata cibiyar bincike. Wata 'yar leƙen asiri da aka aiko daga gaba ta kashe shi ta yi ƙorafin cewa a 1992 ya kamata a yi komai, ta shafe shekara 30 tana jira, domin masu yaƙi ta cikin lokaci sun yi ta taɓa tarihi, shi kuma yana ture manyan al'amura gaba ba ya barin su ɓace. Masu cewa tarihin shirin yana zamewa sun ga sun ci gardama. Amma kashin 1967 yana nan ana kallonsa, Spock yana ciki yana faɗin 1992 da 1996 da bakinsa, kuma shi wannan Spock ɗin, a ƙuruciyarsa, yana cikin ma'aikatan kumbon da hafsar ta koma. Musun da ake yi tun daga lokacin shi ne ko nan da 'yan shekarun labarin, idan ya gamu da tsohon kumbon Khan, wace shekara zai karanta a kundinsa.